Kogin siminti a bayan aji: littafin aikinmu a Haɗeja

Asabar, 7 ga Janairu 2023

Na fara rubuta wannan ne saboda na san halina, in ban rubuta ba nan da wata biyu ba zan iya tuna ko buhun siminti nawa muka saya ba balle a zo maganar lissafi.

Asalin abin tun bayan ambaliyar damunar da ta wuce ne. Da aka dawo makaranta na tambayi 'yan ajina, yaran da wasunsu sun kwana a kan jinga ana cika buhu da ƙasa ana tare ruwa, na ce to wannan ruwan da ya so ya cinye mu daga ina ya fito? Ɗaya ya ce daga Tiga, sauran suka ce eh daga Tiga. Na ce Tiga a ina take, shiru. In ya wuce mu ina yake zuwa, shiru. Amma da na ce wane kogi ne ya fi tsawo a Afirka wallahi kafin na rufe baki sun ce Nilu. Abin ya tsaya min a rai. Na gwada irin tambayar a ɗakin malamai, mu goma sha ɗaya a zaune, mutum biyu ne suka iya kai ruwan har Gashuwa, ba wanda ya kai shi Tafkin Chadi, kuma ni kaina da nake koyar da labarin ƙasa sai da na koma na duba kafin na tabbatar ta inda kogin Kafin Hausa ya rabu da namu.

To abin da muka yanke mu huɗu, ni da malamin lissafi da malamar kimiyya da wani malamin firamare maƙwabcina: za mu gina taswirar kogin a ƙasa da siminti a bayan aji, mita 6 a tsaye mita 3 a kwance, mai gangara, yadda in ka zuba ruwa a Kano zai gangaro da kansa. Mu fara koya wa malamai, su kuma su kai aji, sannan ranar 22 ga Maris, ranar ruwa ta duniya, a kira mutanen unguwa.

Alhamis, 12 ga Janairu

Shugaban makaranta ya ba da fili, ya ce dai kar mu taɓa kuɗin makaranta. Kuɗin da ke hannu: ni 15,000, ƙungiyar iyaye da malamai 20,000, malamai sun yi karo-karo 12,000, wani tsohon ɗalibina da ke aiki a Kano ya turo 30,000. Duka 77,000.

Asabar, 14 ga Janairu

Yau mun zana da toka a ƙasa. Hazo ya sauko sosai, hannu har ba ya son riƙe igiya.

Ga yadda muka shimfiɗa shi. Ta yamma kogin Kano da kogin Challawa, kowanne da madatsarsa, Tiga da aka gama a 1974 a kan kogin Kano, sai ta Challawa da ke wajen Karaye da aka gama a 1992. Su biyun suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ya zama kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim ya zo wajen Auyo inda aka yi shingen da ke ba gonakin rani ruwa, ya wuce mu. Ta kudu kuma kogin Jama'are da ya taso daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauchi. Suna gamuwa kusa da Gashuwa, daga nan sunansa Komadugu Yobe, ya bi Gaidam, ya karɓi Komadugu Gana a wajen Damasak, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar ta gefen Difa, ya faɗa Tafkin Chadi. Malamin lissafi ya dage sai mun saka Kadawa da Kura da Bunkure saboda yara su ga inda ruwan Tiga yake fara shiga gona tun kafin ya zo mana, kuma ya yi gaskiya.

An sayi siminti buhu 4, kowanne 4,600, yashi kura 2 duka 5,000. Magini ya ce 8,000, mun yi ta ja ya ƙi ragewa.

Asabar, 21 ga Janairu

An zuba. Yara sun taimaka da ɗibar ruwa da kwaɓi. An tashi bayan la'asar.

Talata, 24 ga Janairu

Kai, yau kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na farko dai simintin ya tsattsage. Iskar hunturu ta busar da shi da wuri, mun manta Lahadi ba kowa a makaranta, ba wanda ya yayyafa masa ruwa, magini kuma ya ce shi ya faɗa min a rufe da buhu a riƙa jiƙawa safe da yamma, ni ban tuna ya faɗa ba amma ba zan rantse ba. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar da na ɗauko buta na zuba ruwa a Wudil, ga yara sun kewaye suna kallo, ruwan ya ɗan yi gaba ya tsaya yana tunani, sai ya juya ya koma Kano. Yara suka fashe da dariya, wani daga baya ya ce Malam ai ruwan ma ya san inda ake samun kuɗi. Ni ma sai da na dara amma raina a ɓace.

Laifinmu ne. Filin da kansa ya karkata yamma, mu kuma da ido muka auna. Kuma gaskiyar magana ko a zahiri gangarar ba wata mai yawa ba ce, Kano tana sama da teku da kamar mita 480, Tafkin Chadi kamar 280, bambancin mita 200 kacal a tafiyar ɗaruruwan kilomita, shi ya sa da kogin ya wuce mu yake rasa inda zai bi ya bazu cikin fadamu. In za a yi a siminti dole a ƙara gishiri. Malamin lissafi ya kawo tiyo mai haske muka cika da ruwa muka auna gefe da gefe, irin yadda magina ke yi, muka yanke cewa Tiga ta fi tafkin tudu da taƙi biyu. Sai an fasa rabin gabas an sake. Buhu 2 kuma, yanzu ya koma 4,800, magini zai ƙara karɓar 4,000.

Asabar, 28 ga Janairu

An sake zubawa. An rufe da buhunan shinkafa jiƙaƙƙu, na ba maigadi aikin yayyafi, kullum mai garuwa zai kawo jarka huɗu.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Yau ce ranar fadamu ta duniya, muka ce bari mu je mu gani da ido kafin mu tsaya gaban malamai muna surutu. Mu uku a kan babur biyu, muka nufi gabas ta wajen Guri. Mai a bakin hanya ya wuce 350 lita, gidajen mai kuwa layi ba a magana.

Wani dattijo masunci, kawun ɗaya daga cikin ɗalibaina, shi ya ɗauke mu a kwale-kwale. Ni dai na sha ganin kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, daga bakin hanya amma ban taɓa shiga cikinta ba. Ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, hagu da dama kamar katanga, hanyar da aka sare ba ta fi faɗin jirgin ba, ganyen yana shafar fuska, ruwan a tsaye baƙi ƙirin ba ya motsi, sauro da rana tsaka. Baba ya kafa gorar tuƙi ya zaro ta ya nuna min laka har kusan gwiwar hannu, ya ce Malam nan da kake gani tsakiyar kogi ne a da, ina yaro da rani a nan muke wasa a kan yashi, mata suna tona su ɗebi ruwa.

Wannan maganar ta rani ita ce ta buɗe min kai, duk da na karanta a takarda. Kafin madatsu kogin nan na damuna ne, ya cika ya malala fadama, a yi shinkafa a yi su, rani ya yi ya ƙafe, Fulani su sauko da shanu. Wannan ƙafewar ita ke hana kachala zama. Da aka fara sako ruwa duk shekara saboda noman rani da ruwan shan birnin Kano, sai ya zama akwai ɗan ruwa marar zurfi kullum a kwance, abin da take so kenan. Ta tsiro, ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, hanyar ta cike, ta ƙara samun wurin tsirowa. Ga tsuntsayen jan baki sun samu ɗakin kwana, su fito da safe su sauka a gonar shinkafa da alkama.

Na fito da zanen da na yi a takarda na nuna masa. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce ina Marma? Marma reshe ce ta kogin Haɗeja, na nuna masa wani siririn layi. Ya yi dariya ya ce ɗana ka ba babba rigar yaro. A zanena tsohon kogin Haɗeja na yi wa kauri, shi da reshensa Burum Gana, na bar Marma kamar zare. Ya ce ai tun da hanyoyin can suka toshe ruwan Marma yake bi ya tafi tafkin Nguru, ya cinye gonakin mutane a hanya, su kuma na can ƙasa suna kukan ba ruwa. Da sanda ya zana min a kan laka, ya fi nawa kyau wallahi, na ɗauka a waya.

Mun ga kirinjijiya garke guda, da ɗinya, da wasu ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da Baba ya ce baƙi ne da sanyi suke zuwa. Su ne masu tasowa daga Turai su tsallake Sahara. Saboda su da irinsu aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a shekarar 2000, na farko a Najeriya, daga baya aka ƙara Baturiya.

Mai da kuɗin jirgi 9,000. Baba ya ƙi karɓa da farko sai da na ce na mai jirgin ne. Ya ba mu tarwaɗa biyu.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Ba kuɗi a gari. Wannan canjin kuɗin ya tsayar da komai, akwai kuɗi a asusu amma ba ka isa ka taɓa ba. Magini ya ce shi ba ya karɓar taransifa, kuma da gaskiyarsa, mai awo ba ya karɓa. Na yi awa uku a wajen mai POS, ya ba ni 10,000 ya cire 1,500. An biya magini. Fenti sai da aka yi taransifa sau uku kafin ta shiga, 6,500 da buroshi.

An gyara Marma, an faɗaɗa ta da kurfi. Ruwa yanzu yana gangarawa gabas lafiya lau, alhamdu lillahi.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Zama na farko da malamai. Mun gayyaci 30 daga makarantu shida, firamare huɗu da sakandare biyu, 17 suka zo. Wasu sun kira sun ce ba kuɗin mota a hannu, ban ga laifinsu ba.

Malamar kimiyya ce ta buɗe, kuma dabararta ta fi duk abin da na shirya. Ta ajiye bokiti mai lita 20 cike, ta ce wannan shi ne duk ruwan duniya. Ta ɗaga ledar fiya wata guda, rabin lita, ta ce wannan ne kaɗai ba gishiri. Ta ce a cikin ledar ma wajen kashi biyu cikin uku ƙanƙara ce, sauran kusan duk yana ƙarƙashin ƙasa. Sai ta ɗiga ɗan kaɗan a cokalin shayi, bai ma cika ba, ta ce ga koguna da tafkunan duniya gaba ɗaya, har da Kwara har da namu. Wani dattijon malami ya cire hula ya mayar.

Daga nan muka fita wajen taswira. Na sa yaro ɗaya a Tiga da buta, ɗaya a Challawa, ɗaya a Jos. Madatsun guntun katako ne da ake zarewa. Kachala kuma soso muka yayyanka, irin na wanke-wanke. Da farko ba soso, aka zuba ruwa, ya tafi sumul har Tafkin Chadi. Sannan na cusa soso a tsohon kogi da Burum Gana aka sake zubawa daidai wancan, nan take ya taru ya haye gefe ya jiƙa Haɗeja da Guri ya cika Nguru, Gashuwa kuwa sai abin da ya zo daga butar Jos. Na ce to haka abin yake, yawancin ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam na Jama'are ne, kuma shi har yau ba babbar madatsa a kansa, ta Kafin Zaki da aka fara aka tsaya shekara da shekaru ana muhawara a kanta, na Bauchi suna so saboda noman rani, na Yobe da Borno suna tsoron abin da zai rage musu.

Nan fa gardama ta tashi. Wani hedimasta, gonarsa ta shinkafa ta tafi a ambaliyar bara, ya ce Malam duk wannan zagaye-zagaye ne, a faɗi gaskiya, sakin Tiga ake yi a kashe mu. Na ce ranka ya daɗe ban ce madatsa ba ta da hannu ba, in ta cika dole ta zubar, in ba haka ba a samu irin na Bagauda da ta fashe a 1988. Amma bara ruwan sama ya yi yawa ko'ina, kuma duk ruwan da ya sauka a ƙasa da madatsun ba wanda ke riƙe da shi, ga hanya a toshe. Ya ce to su waye suka kawo kachalar. Na ce nan kam ka kama ni. Aka yi dariya amma shi bai yi ba, kuma har aka tashi bai gamsu ba. Ni ma da na dawo gida na yi ta tunani, mutumin da ya yi asarar buhu hamsin ba soso ne zai sanyaya masa rai ba, kuma bai kamata in riƙa magana kamar ni ne kakakin madatsa ba. Abin da nake so yara su gane shi ne tuwon da ake ci a Kura da ruwan famfon Kano da gonar da ta nutse a Guri da rijiyar da ta ƙafe a Gaidam duk igiya ɗaya ce.

Fotokwafin taswira da bayani shafi huɗu, 7,500. Ƙosai da burodi da ruwa 5,500.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Zama na biyu, 21 suka zo, har da hedimastan nan, ya zo da malamansa biyu. Na ji daɗin wannan.

Yau maganar ruwan sha ce da cuta. Da aka zo kan tsargiya malaman firamare suka ce ai kusan kowane aji akwai yaron da ke fitsarin jini, wasu iyayen ma suna ɗauka alamar balaga ce. Malama ta zo da ƙananan katantanwa a kwalba da ta sa aka tsinto a bakin fadama, ta bayyana yadda abin yake zagayawa, mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar mai wanka ko mai su ko mai dashen shinkafa. Ba sai ka sha ba. Kuma ruwan da ke kwance cikin ciyawa shi katantanwar ke so, ka ga an sake dawowa kan kachala. Maganin yana nan, ƙwaya ce, ana rabawa a makarantu lokaci-lokaci, amma yaro ya sha yau gobe ya koma kududdufi.

Ni kuma na kwafsa. Na ce zan nuna yadda 'ya'yan zogale ke kwantar da laka, don in burge sai na haɗa tun jiya da dare, na daka da yawa na zuba. Da na buɗe bokitin da safe wari ya bugi kowa. Ashe ƙwaya ɗaya ta isa lita guda, a ɓare a daka a dama, a juya da sauri sannan a hankali, a bari awa ɗaya zuwa biyu a tsiyaye a yi amfani da shi a ranar. Muka sake a gabansu, ya yi garau. Amma mun nanata, ruwa ya yi fari ba shi ne ya zama mai lafiya ba, zogale da alam laka suke kwantarwa, sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin.

Abinci 5,500. Mai POS ya ci 2,000 a wannan satin.

Litinin, 20 ga Fabrairu

An dakata sai bayan zaɓe. Rabin malaman ma suna aikin zaɓen.

Asabar, 4 ga Maris

Na dawo na tarar awaki sun mayar da Tafkin Chadi wurin kwana, sun cinye soson kachala tas, kashi ko'ina. Gefen Damasak ya ɗan ɓalle. Yara sun kawo kara an yi shinge, ba a kashe ko sisi ba.

Da muna gyaran tafkin ne ma muka yi shawarar a yi masa zobe biyu. Babba da farin fenti, girmansa na farkon shekarun 1960, wajen murabba'in kilomita 25,000. Ƙarami da shuɗi, yadda ya koma bayan farin shekarun 1970 da 1980, bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Sai dai na ce a gaya wa yara gaskiya kar a ɗora wa kogin namu abin da ba shi ya yi ba, wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin daga Chari da Logone yake zuwa ta kudu, namu ɗan cikon mudu ne, amma ga mutanen Difa da Boso da Malam Fatori shi ne kogin. Mun saka wata 'yar buta ta huɗu ta wannan gefen.

An yi ma'aunin ruwan sama guda 6 da robar lemo, a yanke wuya a kifa shi ciki kamar mazurari, a zuba tsakuwa da ɗan ruwa a daidaita gindin, a manna rula. Kowace makaranta ɗaya. Malamin lissafi ya ba su aikin da za su yi da yara: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin ajinmu mita 9 ne da 7, wato 63, in aka yi ruwa mai milimita 30 lita 1,890 ta zubo daga kwanon, jarka 75 ta masu garuwa, duk tana tafiya a banza tana cin gindin gini.

Alhamis, 9 ga Maris

An ɗaga zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18. Zama na uku da muka sa ranar 18 ya rushe kenan. Za mu tura sauran bayanin ta WhatsApp, wanda ba shi da babbar waya maƙwabcina zai kai masa takarda.

Laraba, 15 ga Maris

Gaisuwa wajen mai unguwa da limamin masallacin Juma'a, duk sun ce za su sanar. Gwaji da yara takwas da za su yi bayani.

Laraba, 22 ga Maris

An yi. Ba yadda na zata ba amma an yi.

Mun yi hayar kujera 100, waɗanda suka zauna ba su fi 60 ba, kowa yana kasuwa yana haɗa kayan azumi tunda ana sa ran ganin wata yau. Zafi kuma ya fara, ƙarfe sha ɗaya simintin har ƙona ƙafa yake, ruwan da aka fara zubawa kafin ya kai Gashuwa rabi ya bushe. Wata yarinya 'yar aji biyu da ke riƙe da bayanin, maimakon ta rikice sai ta ce to kun gani, haka rana take shan nata kason a fadama. Ba mu koya mata wannan ba.

Yaran ne suka yi komai, ni ina gefe. Mai unguwa ya taso da kansa ya karɓi buta ya tsaya a Challawa. Baba masunci ya zo, ɗan'uwansa ya ɗauko shi a babur, ya zagaya taswirar sau biyu yana duba Marma, ya ce yanzu ta yi, amma ya ce mun manta wata 'yar hanya da ke ɓallewa kafin Likori, na ce Baba a bar mu haka siminti ya ƙare. Wani manomin rani ya yi tambayar da ban shirya mata ba, ya ce shekara goma da suka wuce bututu biyu yake kafawa a fadama ya samu ruwa yanzu sai uku, shin ruwan ƙasa da na kogi ɗaya ne? Na ce ɗaya ne, malalar damuna ita ke cika na ƙasa, in malala ta ragu ko injuna suka yi yawa dole ya yi ƙasa. Amma taswirarmu ba ta nuna wannan ko kaɗan, siminti ba ya shan ruwa. Na rubuta a cikin abin da za a ƙara.

Mata ba su zo nan ba sai 'yan kaɗan, dama mun san haka, shi ya sa malama ta yi nasu daban da yamma a makarantar Islamiyya, ta ce sun fi 40 kuma sun fi maza tambaya, yawanci kan randa da moɗa da gudawar yara. Wata tsohuwa ta ce mata 'yar nan duk mun ji, amma itacen da za a tafasa ruwan gidan mutum goma sha biyu wa zai saya? Malama ta ce ba ta da amsa, ta dai ce a fara da na jarirai da masu ciki.

Rumfa da kujeru da lasifika 10,000. An ga wata, gobe azumi.

Asabar, 1 ga Afrilu

Lissafi. Siminti 28,000, yashi 5,000, magini 12,000, fenti 6,500, garuwa 3,200, tafiyar fadama 9,000, fotokwafi 7,500, abincin zama biyu 11,000, ranar taro 10,000, mai POS 3,500. Duka 95,700. Abin da aka tara 77,000, giɓin 18,700 daga aljihuna, uwargida ta sani, ta ce in dai kayan sallar yara ba su taɓu ba.

Cikin makarantu shida, uku sun riga sun kawo yara sun ga taswirar. Ɗaya ta zana tata a bango da gawayi da alli. Biyu shiru, ban matsa ba, azumi ne.

Bayan salla: a samo tsohon akwatin gilashi ko babbar roba mai haske a cika da yashi da laka hawa-hawa a soka bututu, don a nuna ruwan ƙasa, saboda tambayar manomin nan. A kafa ma'aunan ruwan sama kafin ƙarshen Mayu, kowace makaranta yaro biyu su riƙa dubawa ƙarfe takwas na safe suna rubutawa, wanda ke kusa ya riƙa zuwa ranar da ba makaranta. A yi wa taswirar inuwa ko da ta zana ce. Wani malami daga Gashuwa da ya ga hotunan a WhatsApp ya ce yana so mu je mu taya su yin tasu, na ce sai dai in su za su sayi siminti, kuma su nemi nasu masuncin tun kafin a zana. Hedimasta ya aiko a tambaye ni ko za a iya kai malamai Tiga su gani da ido, na tambayi kuɗin mota mai cin mutum 18 zuwa da dawowa, direban ya ce sai ya ga yadda mai zai kasance bayan salla.